Yadda Ake Mayar da Ragowar Magani ta Gidan Waya a Amurka

Da wuya ka shiga gidan da babu wata leda ko durowa da aka mayar ma'ajiyar ragowar magani: rabin katin maganin hawan jini da likita ya canza, kwalbar maganin zazzaɓin yaro da bakinta ya daskare, ƙwayoyin kashe raɗaɗi goma sha biyu da suka saura bayan tiyata ko cire haƙori. Ba a shan su, kuma ana jin asarar zubarwa. A Amurka doka ta tanadi hanyar raba gida da irin wannan kaya ba tare da mutum ya yi wata tafiya ba. Akwai ambulan na musamman da an riga an biya kuɗin aika shi. Ka zuba maganin a ciki, ka manne baki, ka miƙa wa gidan waya, a kai shi inda za a ƙone shi ƙurmus.

Wannan bayani na mazauna can ne: ɗalibai, ma'aikata, masu jinyar iyaye, da shugabannin ƙungiyoyi da masallatai da ke son sauƙaƙa wa jama'arsu. Abu ɗaya ya kamata a riƙe tun daga farko, domin kusan duk ƙa'idojin da za su biyo baya daga gare shi suka fito: da zarar an manne ambulan, babu wanda zai sake buɗe shi har ya shiga wuta. Kuskuren da ka saka a ciki, babu mai gyara maka shi a hanya.

Me ya sa ake damuwa da ragowa

Hatsarin farko na ƙananan yara ne. A kowace shekara dubban yara 'yan ƙasa da shekara biyar ake kaiwa sashen gaggawa a Amurka saboda sun haɗiyi maganin da suka tsinta. Ga yaro mai rarrafe, ƙwaya ɗaya ko biyu ta wasu magungunan hawan jini, ko na ciwon sukari, ko na kashe raɗaɗi mai ƙarfi tana iya zama ajali. Har maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, wanda ake bai wa masu juna biyu kuma ake raina shi, yana da illa babba idan yaro ya sha da yawa.

Na biyu shi ne matasa da baƙi. Binciken da gwamnatin Amurka ke yi duk shekara kan shaye-shaye ya sha nuna cewa kusan rabin masu shan maganin kashe raɗaɗi ba bisa ƙa'ida ba daga hannun ɗan'uwa ko aboki suke samu, ko an ba su ko sun ɗauka ba a sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce durowar banɗaki.

Na uku ruwan sha. Matatun ruwan ƙazanta ba a gina su don tace sinadaran magani ba. Tsakanin 1999 da 2000 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta auna ƙoramu 139 a jihohi 30, ta tarar da ɓurɓushin magunguna da makamantan sinadarai a kashi 80 cikin ɗari. Gaskiya mafi yawan wannan daga jikin mutane yake fita bayan sun sha magani, amma wanda ake juyewa a masai ƙari ne da ana iya kauce masa.

Dokar da ta haifi ambulan ɗin

Kafin 2010, wanda ke da ragowar magani mai tsananin ƙa'ida irin su oxycodone ko morphine ba shi da ikon mayar da shi ko ga kantin da ya sayar masa; jami'an tsaro kaɗai ke iya karɓa. A 2010 majalisa ta yi dokar da ta buɗe wannan ƙofa, sannan a 2014 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta DEA ta fitar da cikakkun ƙa'idoji. Su suka halatta hanyoyi uku: akwatin ƙarfe da ake kafawa a kantin magani ko ofishin 'yan sanda, ranakun karɓa na musamman, da ambulan na gidan waya.

Ƙa'idar ta fayyace kamannin ambulan ɗin. Ba a rubuta komai a jikinsa da zai nuna magani ne a ciki. Ruwa ba ya ratsa shi, ba ya yagewa da sauƙi, kuma idan an taɓa bakinsa bayan mannewa za a gane. Adireshin masu karɓa yana buge a jiki, kuɗin aikawa biyayye ne, kuma kowanne na da lambarsa ta daban da ake bin sawunsa da ita. Ba a yarda a tilasta maka faɗin sunanka ko wani bayani game da kai ba. Su kuma masu karɓa an hana su buɗewa, ko ƙirga abin da ke ciki, ko haska shi da na'ura. Dole su kasance da wurin lalatawa a harabarsu, kuma ma'aikata biyu ne ke tsayawa su shaida an lalata shi yadda ba zai sake moruwa ba, wanda a aikace yawanci ƙonewa ne a tanderu mai tsananin zafi.

Inda ake samun sa

Fara da kantin maganin da ka saba karɓar maganinka. Sunan da za ka ambata wa mai harhaɗa magani shi ne "mail-back envelope". Idan an rubuta maka maganin kashe raɗaɗi dangin opioid, wato masu ƙarfi irin su oxycodone da morphine, tambayi ambulan tun ranar karɓar maganin. Hukumar abinci da magunguna ta FDA ta wajabta wa kamfanonin da ke yin irin waɗannan magunguna su samar wa kantuna ambulan kyauta, kuma tsarin ya fara aiki a 2025. Sai dai an bar wa kowane kanti zaɓin ya yi oda ko kada ya yi, don haka wani zai ce maka ba shi da shi. Gwada na gaba.

Jihar da kake zaune tana da tasiri sosai. Gundumar Alameda a Kalifoniya ce ta fara, a 2012, tilasta wa kamfanonin magani ɗaukar nauyin kwashe ragowar kayansu. A 2018 jihohin Washington, New York da Kalifoniya suka yi irin wannan doka, daga baya Oregon, Maine da Illinois suka bi. A irin waɗannan jihohi ambulan kyauta ne. Masu gudanar da shirin, waɗanda suka fi shahara su ne MED-Project da Inmar, suna da shafi a intanet da layin waya inda za ka ba da adireshi a aiko maka har gida. Ana kuma ajiye shi a wasu ɗakunan karatu, ofisoshin lafiya na gunduma da cibiyoyin tsofaffi. A jihar da babu wannan doka, wasu kantuna na sayar da shi kan 'yan daloli.

Ga ƙungiyoyi da masallatai akwai wata iyaka da ake yawan tsallakewa cikin kyakkyawar niyya. Doka ta yarda kowa ya haɗa hannu da masu karɓa na hukuma ya raba wa jama'a ambulan da babu komai a ciki. Ana iya ajiye kwali guda a ƙofar masallaci ranar Juma'a, kowa ya ɗauka. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne wani ya bi gida-gida yana tattara magungunan mutane, ko a ajiye kwando a ce kowa ya zuba. Maganin da ke ƙarƙashin tsananin ƙa'ida, mai shi ne ko wani ɗan gidansu ke da ikon zubar da shi. Idan mai maganin ya rasu, sai wanda ke da hurumin kula da kayan mamacin. Maganin dabbar gida kuma mai dabbar. Kowa ya cika nasa, ya manne da hannunsa.

Mataki na farko: tattarawa

Zaɓi lokacin da yara ke barci ko suna makaranta, ka shimfiɗa faranti ko tire mai baki a kan tebur domin ƙwaya ba ta gangara ta faɗi ƙasa ba. Bi gidan duka: banɗaki, kicin, firji, jakar hannu, akwatin tafiya, aljihun mota, gefen gadon tsohuwa, da aljihun rigunan sanyi. Kada a manta da ɗan akwatin nan mai rami bakwai na ranakun mako; sau da yawa a cikinsa tsohon magani ke cakuɗewa da sabo.

Mataki na biyu: tantance abin da zai tafi

Magani ya cancanci fita idan wa'adinsa ya ƙare, ko likita ya dakatar da shi ko ya canza ƙarfinsa, ko mai shi ya warke ko ya rasu, ko takardar jikinsa ta goge har ba a san mene ne ba, ko kamanninsa ya sauya: ƙwaya ta yi laushi, ta canza launi, ruwa ya yi gudaji.

Wajen karanta kwanan wata a lura cewa Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 04/09/2027 na nufin 9 ga Afrilu, 2027. Idan wata da shekara kawai aka rubuta, wa'adin na kaiwa ƙarshen watan. Wasu magunguna kuma agogonsu na fara bugawa ne daga ranar buɗewa, ko da kwanan jikin kwali bai cika ba. Amoxicillin na yara da aka dama da ruwa kwana 14 ne iyakarsa. Yawancin insulin da aka fara amfani da shi kwana 28 ne, kodayake wasu nau'o'in sun fi haka. Maganin ɗigawa a ido ma da yawa ana son a rabu da shi bayan kimanin wata guda da buɗewa.

Ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta shi ne mutane suka fi ƙyashin rabuwa da shi, wai ko wani zai yi mura. Ya tafi. Rabin kati ba ya warkar da cuta, sai dai ya koya mata jure magani.

Akwai waɗanda bai kamata a yi gaggawar jefawa ba. Allurar gaggawa ta masu tsananin borin jini, abin shaƙa na mai asma, ƙwayar ciwon zuciya da ake sawa ƙarƙashin harshe, da naloxone mai farfaɗo da wanda opioid ya yi wa yawa: kada a fitar da tsoho sai sabo ya shigo hannu. Haka kuma maganin da likita ya ce a ɗan dakata da shi, a tambaye shi kafin a zubar.

Mataki na uku: abin da ba ya shiga ambulan

A nan aka fi yin ɓarna, don haka a karanta takardar da ta zo da ambulan ɗin ko da an taɓa amfani da wani a baya. Shirye-shiryen sun ɗan bambanta.

Ambulan na yau da kullum na karɓar ƙwayoyi, kafso, man shafawa na magani, filastar magani da ake manna wa fata, da ɗan maganin ruwa, ko na takardar likita ne ko wanda ake saya kai tsaye.

Allura, sirinji da ɗan tsinken huda yatsa na masu ciwon sukari ba sa shiga. Ambulan yana bi ta hannun ma'aikata da injinan tantance wasiƙu masu matse kaya. Tsinin allura zai huda leda ya soki mutum. Waɗannan suna da robarsu mai tauri, kuma shirye-shiryen wasu jihohi na aiko da akwati na musamman domin alƙalamin insulin da allurar da ke zuwa da magani a cikinta. Ka faɗi abin da kake da shi lokacin yin oda.

Abin shaƙa na asma mai ɗan gwangwani yana da iska a matse a ciki, kuma yana iya fashewa idan ya huje ko ya ji wuta. Shi ma ambulan ɗinsa daban ne, inda ake da shi. Kada a haɗa shi da ƙwayoyi.

Ma'aunin zafin jiki mai zaiba, batura, gwangwanin feshi da sinadaran wanke ciwo masu kumfa ko kama wuta, hanyarsu ita ce wurin karɓar shara mai hatsari na gunduma. Zaiba idan ta shiga tanderu tururi take zama ta bi iska.

Haramtattun ƙwayoyi irin su hodar iblis da heroin ba sa cikin shirin, haka ma wiwi ko da jiharka ta halatta ta, domin gidan waya na tarayya ne. Maganin cutar daji kuma a tuntuɓi asibitin da ya bayar. Wasu, kamar thalidomide da lenalidomide, ana mayar da su ne ga likita ko kamfanin da ya yi su. Bitamin da magungunan gargajiya wasu shirye-shirye na karɓa, wasu ba sa karɓa. Garin magani da sassaƙen da aka zo da su daga gida, waɗanda babu wata takarda a jikinsu, gara a bi da su ta hanyar bola da za a bayyana a ƙasa.

Mataki na huɗu: shirya kayan

Mafi kyau a bar kowane magani a cikin robarsa ko katinsa na asali. Ɗauki maka baƙa mai kauri ka shafe sunanka, adireshinka, sunan likita da lambar takardar magani. Wannan lambar ita ce ake sake karɓar magani da ita, don haka ita ce ta fi muhimmanci. Wata tawadar idan ta bushe rubutun na fitowa ta ƙarƙashinta idan an karkata robar ga haske. Idan haka ne, kankare takardar da wuƙa ko ka ɓare ta gaba ɗaya.

Idan robobin sun yi yawa har za su cika ambulan, yawancin shirye-shirye sun yarda a juye ƙwayoyin a leda mai zif a rufe, a jefa robobin a shara bayan an goge suna. Waɗanda ke cikin kati a bar su a ciki, ba sai an ɓalle su ɗaya-ɗaya ba. Kada a daka ƙwaya, kada a buɗe kafso, kada a jiƙa da ruwa. Ƙurar wasu magunguna na shiga ta hanci ko fata, kuma waɗanda aka yi su domin su riƙa narkewa a hankali suna sakin ƙarfinsu gaba ɗaya idan an farfasa su. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki, ko ta sa safar hannu. Akwai magunguna, irin su finasteride na masu matsalar mafitsara, da ba a son ta taɓa fasasshensu.

Maganin ruwa shi ne mai jawo matsala. Shirye-shirye da yawa sun taƙaita shi ga oza 4, wato kimanin mililita 120, a ambulan guda. Ɗaure murfin sosai, ka zagaye shi da salatif, ka naɗe kwalbar da takardar goge hannu, sannan ka sa a leda mai zif. Takardar za ta tsotse abin da ya tsiyaya, kuma ta kare kwalbar gilashi daga fashewa. Kada a juye ruwan magani biyu a kwalba ɗaya. Idan kana da manyan kwalabe, raba su a ambulan daban-daban ko ka kai su akwatin kanti idan yana karɓar ruwa.

Filastar fentanyl, maganin kashe raɗaɗi mai tsananin ƙarfi dangin opioid, na buƙatar kulawa ta musamman. Ko bayan an yi kwana uku da ita a jiki, akwai sauran magani a cikinta da ya isa ya kashe yaro, kuma an samu yaran da suka mutu saboda sun tsinci wadda aka cire sun manna a jiki ko sun sa a baki. Wadda ba a buɗe ba a bar ta a cikin jakarta a sa a ambulan. Wadda aka cire daga jiki a ninke ta nan take, gefen danƙo ya haɗu da gefen danƙo. Idan ambulan na hannu kuma yau zai tafi, ta shiga. In ba haka ba, shawarar FDA ita ce a jefa ta a masai a kora ruwa, kada a ajiye ta jiran wani abu.

Mataki na biyar: cikawa da mannewa

Ambulan na yau da kullum a shirye-shirye da dama oza 8 yake ɗauka, kimanin giram 225, har da nauyin robobi. Idan akwai sikelin kicin, auna. Idan babu, ma'aunin ido shi ne bakin ambulan ya kwanta sumul ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. Wanda aka cusa wa kaya har ya yi tumbi yana iya ɓarkewa a injin gidan waya, ƙwayoyi su watse a inda babu wanda ya san mene ne su. Ambulan biyu sun fi ɗaya mai ƙiba.

Kafin mannewa, sake leƙawa sau ɗaya. Mutane kan jefa maganin da suke sha yanzu cikin kuskure, musamman idan tsohuwar roba da sabuwa kamarsu ɗaya, ƙarfin ne kawai ya bambanta. Idan ya tafi ba ya dawowa, kuma inshora na iya ƙin biyan wani kafin lokaci; idan mai tsananin ƙa'ida ne ma sai an koma wurin likita.

Fitar da iskar ciki, ka ɓare takardar da ke rufe danƙon, ka danna bakin daga wannan gefe zuwa wancan. Danƙon sau ɗaya yake kamawa. Idan ka manne ka tuna da wata kwalba, kada ka ɓare. Nemi wani ambulan. Kada ka rubuta "magani" ko wani abu makamancin haka a jiki, kada ka manna kan sarki, kada ka rufe adireshi ko lambar da salatif, kuma ba a bukatar sunanka. Kwafi lambar ambulan ɗin ko ka ɗauki hotonta da waya. Wanda ke zubar da maganin mamaci ko na wanda yake jinya, yana da kyau ya rubuta sunan kowane magani, adadinsa da ranar aikawa a wata takarda ya ajiye. Idan wani cikin dangi ya tambaya ina maganin Baba ya shiga, ga amsa a rubuce.

Mataki na shida: aikawa

A aika a ranar da aka manne. Ambulan cike da opioid a kan teburin falo ya fi durowar da aka kwaso shi daga ciki hatsari, domin yanzu an tara komai wuri ɗaya.

Duba jikin ambulan ka ga wane ne mai ɗauka. Yawanci gidan waya na gwamnati ne, USPS, amma wasu na kamfanin UPS ne, kuma idan aka jefa na wannan a akwatin wancan yana iya yin makonni yana yawo. Hanya mafi aminci ita ce miƙa shi a kan kanta a gidan waya, ko a hannun mai kawo wasiƙu. Shuɗin akwatin kan titi ma ya halatta. A jefa kafin lokacin kwasa na ranar da ke rubuce a jikinsa, domin kada ya kwana a ciki. Abin da ba a so shi ne barin sa a akwatin ƙofar gida marar makulli da ɗan jan tutar nan mai nuna akwai wasiƙar ɗauka a ɗage, ko a kan teburin wasiƙu na gidan haya mai hawa-hawa.

Kada ka mayar da cikakken ambulan ga mai kantin magani. Shi rabawa kawai yake yi, ba shi da izinin karɓa daga hannunka. Kuma daga cikin Amurka kawai ake aika shi, wato jihohi 50, birnin Washington da Puerto Rico.

Ba a kuma yin dabarar zuba magani a ambulan na gida a kwafi adireshin masu karɓa. Nasu kaɗai suke karɓa, kuma aika magani mai tsananin ƙa'ida ta gidan waya ba ta wannan shiri ba laifi ne ga wanda ba shi da rajista.

Idan ambulan bai samu ba

Akwatin kanti ya fi sauri ga mai kaya da yawa. Manyan kantuna irin su CVS da Walgreens na da shi a rassa da dama, haka ofisoshin 'yan sanda, kuma shafin DEA na nuna mafi kusa idan ka sa lambar unguwarka. Da hannunka za ka jefa. Ma'aikacin kanti ba ya karɓa ya jefa maka. DEA na kuma shirya ranar karɓar magani ta ƙasa sau biyu a shekara, wata Asabar a Afrilu da wata a Oktoba; an fara shirin ne a 2010.

Idan duk babu, FDA na da ɗan gajeren jerin magungunan da ta ce a kora a masai saboda ƙwaya ɗaya na iya kisa: fentanyl, oxycodone, hydrocodone, morphine, methadone, buprenorphine, hydromorphone da 'yan kaɗan. Hukumar ta auna ta ga hatsarin barin su a gida ya rinjayi illarsu ga ruwa. Wanda ba ya cikin jerin kada a kora shi.

Sauran kuma ta bola: juye su daga roba ba tare da an daka ba, ka cakuɗa da abin ƙyama kamar ƙasa, tukar kofi ko yashin kashin kyanwa, ka ɗaure a leda, ka sa cikin shara ranar da mota za ta kwasa. Wasu kantuna na ba da ɗan ƙunshin gari ko jaka mai gawayi, irin su DisposeRx da Deterra, da ake zuba wa ruwa su daskarar da maganin ko su tsotse shi kafin a jefar.

Idan ana cikin wannan aiki yaro ya haɗiyi wani abu, kira cibiyar guba a 1-800-222-1222, kyauta ne dare da rana, kana riƙe da robar maganin a hannu. Kada a sa shi amai, kada a ba shi madara ko manja. Idan ya suma ko numfashinsa ya yi wuya, 911 kai tsaye.

Batun aikawa gida

Akwai tunanin da ke zuwa wa kusan duk wanda ya tara magani mai tsada a gabansa: ai a gida akwai mabukata, me zai hana a ba mai tafiya ya kai? Niyyar mai kyau ce, amma an rubuta maganin ne bisa nauyin wani, da ƙodarsa, da sauran magungunan da yake sha. Wanda za a kai wa a Kano ko Damagaram likita bai gan shi ba, kuma ƙwayar da ta kwana a akwati cikin zafin filin jirgi ba lallai ta isa da ƙarfinta ba. Idan kuma dangin opioid ne, ɗan aiken na iya faɗawa hannun hukumar NDLEA da kayan da babu sunansa a jiki. Tun watan Mayun 2018 Najeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, kuma ana sa ido sosai kan tramadol. Mai son taimako ya tura kuɗin ganin likita da sayen magani a can. A wasu jihohin Amurka akwai shirin karɓar kyautar maganin da ba a buɗe ba kuma wa'adinsa bai ƙare ba, domin a bai wa marasa hali ta hannun masana. Mai harhaɗa magani zai gaya maka ko jiharka na da shi, amma ba sa karɓar masu tsananin ƙa'ida.

Mazauna Ingila da Faransa ba su bukatar ambulan: a can kantin magani ake mayar wa kai tsaye, kuma a Faransa doka ta wajabta wa kantuna karɓa, ƙungiyar Cyclamed ce ke kwashewa ta kai a ƙone. Wanda ya zo Amurka jinya daga gida kuma zai koma, ya tafi da wanda likita ya ce ya ci gaba da sha kawai, a cikin robarsa ta asali tare da takardar likita, sauran ya sa a ambulan kafin ranar tashi.